Wanda Ya Bi Tayar Dogo

Mai shara ce ta fara isa gare shi, ƙarfe shida da 'yan mintoci, a gindin gangaren da ke bayan gidan bulo. Yana kwance a bakin kwalbati, jini na bin kunnensa, kekensa a gefe cikin ciyawa. Kowa a unguwar ya san shi. Dogo ake ce masa, ma'aikacin gidan ruwa, wanda shekara goma sha ɗaya ke nan yana bin wannan hanyar burji a keke kowace safiya, ran Asabar kuma ya fita tsere da abokansa.

Kafin motar asibiti ta bar wurin an riga an yanke hukunci. Wani ya ce ya ji ƙarar tifa da asuba. Wani ya tuna cewa makon jiya Dogo da Mai Tifa sun yi cacar baki a wannan gangaren saboda ya watsa masa taɓo. Ba wanda ya ga komai da idonsa, amma kafin bakwai an tare Mai Tifa a ramin yashi, an fasa gilashin motarsa, an fasa masa leɓe. Da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi.

A lokacin ne Mai Sawu ya iso, yana taka tsohon kekensa a hankali kamar mai jin tausayinsa. Gadi ya kwana yi a shagon katako, saura kilomita huɗu ya kai ga katifarsa. Shekara ashirin da shida ya yi a gandun daji yana bin sawun mafarauta, kafin gwiwa ta ce ita ta gaji. Sunan ya biyo shi cikin gari, aikin bai biyo shi ba, sai dai in akuyar wani ta ɓace.

“Baba, Allah ne ya kawo ka,” in ji Saje, mai kula da caji ofis ɗin unguwar, yana riƙe masa kan keke.

“Hanyar gida ce ta kawo ni. Sake ni in wuce.”

“Mutum na can rai a hannun Allah, wani kuma yana bayan kanta. In Dogo ya cika, mutanen nan ba za su bar mini ofis a tsaye ba. Duba mini ƙasa kawai.”

“Wace ƙasar? Kun tattake ta kamar masussuka.”

Duk da haka ya jingine kekensa. Ya fara da na Dogo. Ƙarfen bai lanƙwashe ba, tayar gaba lafiya lau. A ta baya ne wayoyi uku suka tsinke, duka a gefe ɗaya, sun lanƙwasa zuwa ciki. Ya taɓa su da yatsa, ya hau gangaren da ƙafa, Saje na biye da shi.

An yi ruwa cikin dare, ya ɗauke kafin asuba, don haka da suka wuce inda jama'a suka tattake, hanyar ta kwanta kamar takardar da aka gama rubutu a kai. Mai Sawu ya durƙusa, gwiwar ta yi ƙara.

“Ga sawun tifa. Ga na keke a kansa. Wanne ya riga wucewa?”

“Tifa,” in ji Saje. “Amma yana iya juyowa.”

“Da na ga juyowarsa. Kuma tifa ba ta tsinka waya uku ta bar saura. In ta taɓa keke, a buhu ake kwashe shi.”

“Ni na yarda, Baba. Su fa?” Ya nuna taron da haɓa. “In na sake shi yanzu ba tare da wani a hannu ba, gawarsa zan je ɗauka.”

Mai Sawu ya ci gaba da tafiya, kansa a ƙasa. A wata 'yar kwana ya tsaya. Sawun keken, wanda tun ɗazu layi ɗaya ne, ya rabu biyu da faɗin yatsa biyu, ya sake haɗewa. Ya yi gaba kusan kilomita guda. A kowace kwana haka ne: ya rabu kaɗan, ya koma ya haɗe.

“Kekuna biyu ne,” ya ce. “Na biyun yana taka sawun na farkon kamar zare a bayan allura.”

* * *

Mai shara tana zaune a kan bulo, tsintsiyarta a cinya. Tun da aka tafi da Dogo ba wanda ya waiwaye ta.

“Baiwar Allah, me ya kai ki kwalbati? Ai sharar taki a bakin kwalta take.”

“Aiko ni aka yi, Malam.”

Saje ya ɗago. “Wa ya aiko ki?”

“Wani mai keke. Ina duƙe ya tsaya a bayana, ya ce, ‘Inna, akwai mutum a kwalbati, kira mutane.’ Kafin in miƙe ya yi gaba. Rigar ruwa ce a jikinsa, ya rufe kansa da ita. Muryar ma ƙasa-ƙasa, kamar mai mura.”

“Me ya hana ki faɗa?” in ji Saje.

“Wa ya tambaye ni? Kowa tifa yake kira.”

Mai Sawu ya zauna kusa da ita. “Yaya kika same shi?”

“A kwance ta gefe. An cire masa hular kwanon an tallafe masa kai da ita. Gorar ruwansa a kusa da hannunsa, a buɗe.”

“Keken fa? Kin taɓa shi?”

“Ban taɓa ba. Yana cikin ciyawa, an kwantar da shi tsaf.”

“Sarƙar tana sama ko tana ƙasa?”

Ta yi tunani. “Sama. Na ganta tana ƙyalli.”

Da suka tashi Saje ya tambaye shi amfanin tambayar. Mai Sawu ya ce, “Direban mota in ya ɗaga keke jefar da shi yake yi. Wanda ke kwantar da shi sarƙa a sama don kada giyar keken ta ci ƙasa, ko hankalinsa a tashe yake, wannan ya daɗe yana hawa. Hannunsa ne ya yi, ba kansa ba.”

* * *

Rumfar Mai Faci tana bakin kwalta, ƙarƙashin wata bishiya. A nan 'yan tseren Asabar suke haɗuwa. Mai Sawu ya zana masa zanen tayar a ƙasa da tsinke.

“Tawa ce,” in ji Mai Faci, yana goge hannu a wando. “Wato ni na kawo ta. Biyu-biyu na mutum huɗu, saboda damina. Dogo, Barkono mai aski, Kawu direban bas ɗin makaranta, sai ni.”

“Naka keken yana ina?”

Ya nuna sama. Keken na rataye a reshe, ba sarƙa, gizo-gizo ya fara saƙa a feda. “Mai gyara ba ya samun lokacin nasa, Baba. Sati biyu ke nan.”

“In wani yana bin tayar wani kurkusa, suka gogu, wa ke faɗuwa?”

“Na baya, kusan kullum. Na gaba sai ya ji ɗan girgiza ya wuce. Sai dai in kusoshin tayar na baya sun shiga cikin wayoyinsa, to wannan duka biyun za su sha ƙasa.” Ya dubi wata taya da ke jingine a jikin bishiya, ya kawar da kai da sauri.

“Ta wa ce?”

“Ni ba na son shiga maganar mutane.”

“Ka riga ka shiga,” in ji Saje.

“Ta Barkono ce. Da safen nan ya kawo in miƙe masa. Tayar gaba.” Ya dubi Saje. “Kuma ran Asabar sai da muka raba su da Dogo. Ya ce Dogo ya matse shi a kwanar ƙarshe. Ya ce sai ya koya masa hankali. Amma baki ne kawai, kun san Barkono.”

Saje ya riga ya gyara hularsa.

* * *

Barkono na tsakiyar aski lokacin da suka shiga. Bai kashe injin ba. Gwiwar hannunsa ta dama a ɗaure take da bandeji.

“Na san abin da ya kawo ku,” ya ce. “Unguwar nan in an gaji da Mai Tifa ai dole a nemi wani.”

“Ina kake ƙarfe shida?” in ji Saje.

“A kwance, ni kaɗai, ba shaida. Rubuta.”

“Hannun fa?”

“Kare ne ya shiga gabana shekaranjiya.”

“Sai yau ka kai tayar?”

“Sai yau na iya miƙe hannun.”

Mai Sawu ya samu benci ya zauna. Ƙarar injin da sanyin fanka suka kusa ɗauke shi. Ya murza ido. “Ɗana, kwance mini bandejin.”

Barkono ya dube shi a madubi, sannan ya ajiye injin ya kwance. Ciwon ya yi ɓawo baƙi, gefensa ya fara ja da baya, ƙurjin da ke kewaye ya koma rawaya.

“Wannan ya kwana biyu,” in ji Mai Sawu.

“Ko ba shi ba, yana iya sake faɗuwa yau,” in ji Saje.

“Yana iya. Ɗana, ka taɓa bin bayan Dogo a hanyar burji?”

Barkono ya yi wata gajeriyar dariya. “Ni in bi bayan Dogo? Baba, abin da ke haɗa mu faɗa ke nan. Ni ban iya zama a bayan kowa ba, ko a layin burodi.” Ya ɗauki injin, bai kunna ba. “Yaya jikin nasa?”

“Bai farfaɗo ba.”

“Shi ya koya mini hawa gangare,” ya ce, ya juya musu baya.

A waje Saje ya ce shi dai bai wanke Barkono ba. Mai Sawu ya ce shi ma bai wanke kowa ba, barci kawai yake ji.

* * *

Sun sami Kawu a filin makaranta yana wanke bas. Shi ne babba a cikin 'yan tseren, shi ya sa kowa ke ce masa Kawu, har da waɗanda suka kusa sa'arsa. Mutum ne mai sanyin magana, da furfura a gemu, sanye da riga mai dogon hannu duk da rana ta fara zafi. Kekensa na jingine a bango, an wanke shi tas, yana ɗigar ruwa.

Saje ya yi masa sallama daga gefen hagu. Kawu ya juyo da jikinsa gaba ɗaya kafin ya amsa.

“An ce ku kan fito tare da Dogo,” in ji Saje.

“Yawanci. Gidajenmu layi ɗaya ne. Shi ya wuce gidan ruwa, ni in tsaya nan in ɗauki mota.”

“Yau fa?”

“Yau na ga an yi ruwa, na ce ba zan shiga taɓo ba. Kwalta na bi. Sai da na sauke yara na ji labari.” Ya matse tsumma a bokiti. “Da na bi shi, da wataƙila na ga wanda ya yi.”

“Kullum kake wanke keken?” in ji Mai Sawu.

“In ina wanke mota, ruwan ɗaya ne.”

“Shekara nawa kana ɗaukar yaran nan?”

“Goma sha tara. Wasu da na ɗauka, yanzu 'ya'yansu nake ɗauka. Ban taɓa ko taka kaza ba, tambayi kowa. Saura shekara ɗaya in ajiye a sallame ni da mutunci.”

Wata malama ta leƙo ta ce, “Kawu, a kawo maka shayi?” Ya ce a'a, ya gode. Mai Sawu ya zagaya bas ɗin kamar mai neman inuwa, ya dawo, suka yi sallama.

“Wannan dai ko ƙuda ba ya kashewa,” in ji Saje a bakin ƙofa.

* * *

Mai Sawu ya isa gida da hantsi. Matarsa ta ajiye masa abinci, ta tsaya tana kallonsa yana kwance takalmi.

“An ce kana can kana yi wa 'yan sanda aiki. Su za su yi maka gadin anjima?”

“Ba su ba ne.”

“To ci ka kwanta. Matar Mai Tifa ta zo nan sau biyu. Na ce mata kai ba alƙali ba ne.”

“Me ta ce?”

“Ba ta ce komai ba. Zama ta yi a dakalin nan da goyo, ta tashi.”

Ya ci loma uku, ya kwanta. Ido ya ƙi rufuwa. Abin da ke cinsa shi ne ya bi sawun zuwa, bai bi na tafiya ba. A gandun daji da yaronsa ne ya yi haka, da ya sha faɗa. Bayan azahar ya tashi ya sa takalmi. Matar ta cika masa gorar ruwa.

Rana ta busar da hanyar, sawun safe ya daskare a ciki. Ya zagaye inda aka tattake, ya yi ta faɗaɗa da'ira, har ya tsinci zanen tayar a wata 'yar siririyar hanya da ta bi bayan gidan bulo ta fita kwalta, daidai inda mai shara ke aiki. Yanzu keke ɗaya ne.

Kuma kamar ba mutumin ɗazu ba. Wanda ya yi kilomita yana tafiya a miƙe kamar an ja layi, a nan ya faɗa rami, ya fito, ya hau kan dutse, ya goga jikin tarin bulo har ya bar baƙin roba. Mai Sawu ya ce a ransa tsoro ne. Amma mai tsoro gudu yake yi, sawunsa ya miƙe, ƙasa ta fantsama baya. Wannan a hankali yake tafiya, tayar gaba tana lilo. Ya yi tunanin ko maye ne, sai dai mai maye ko'ina yake kaucewa. Ya koma farko ya sake bi, yana ƙirgawa da yatsu. Rami, dutse, bulo, kututture, bakin lambatu. Duk a hagu. Abin da ke dama kuwa, ko ƙaramin dutse ne, an kauce masa tsaf.

A ƙarshen hanyar akwai katako a kan lambatu, faɗinsa ya isa baro ya wuce. Mutumin ya sauka ya tura keken, takunsa gajeru, ƙafa na laluben gefen katakon.

Mai Sawu ya zauna a kan bulo. Ya taɓa bin wani ɓauna kwana uku, wanda duk bishiyar da ya goga a gefe ɗaya take. Da suka cim masa, ƙaya ce ta tsiyaye masa ido. Ya sha ruwa, ya daɗe a zaune. Bai ji daɗin ganewar ba ko kaɗan.

* * *

Da la'asar 'yan tseren suka taru a rumfar Mai Faci don su tafi asibiti tare. Mutanen unguwa ma sun zo, don an ji Saje zai yi magana. Mai shara tana gefe da tsintsiyarta. Matar Mai Tifa ta tsaya can nesa. Barkono ya harɗe hannu. Kawu na zaune a ƙarshen benci.

“Ba tifa ba ce,” in ji Mai Sawu. Bai ɗaga murya ba, ba shi da ƙarfin haka. “Keke ne. Wani yana bin tayar Dogo, suka gogu a gangare, duka suka faɗi. Na bayan ya faɗa taɓo, Dogo ya faɗa siminti. Mutumin ya tashi, ya gyara masa kwanciya, ya ajiye masa ruwa, ya aika baiwar Allah nan, ya tafi.”

Idanu suka koma kan bandejin Barkono.

“Ku kalle ni da kyau,” in ji Barkono.

“Ba shi ba ne. Mutumin nan ba tsere yake yi da Dogo ba. Jagora ya mai da shi.”

Yana magana yana takawa a hankali, har ya zo ta hagun benci, ya tsaya dab da kafaɗar Kawu. Ya miƙa gorar ruwansa, tazarar taƙi ɗaya daga kuncin Kawu, ya riƙe ta a nan. Ya yi shiru.

Kowa ya ga gorar. Mai Faci ya gani, Saje ya gani, yaran da ke kan katanga sun gani. Kawu yana kallon gabansa, yana jiran a ci gaba da magana. Sai da ya lura duk fuskoki shi suke kallo, sannan ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, hancinsa ya kusa taɓa gorar.

Ya dube ta. Ya dubi Mai Sawu. Sannan ya karɓa, ya riƙe a cinya bai sha ba.

“Tun yaushe?” in ji Mai Sawu.

“Bara. Na hagun ya tafi gaba ɗaya. Na daman yana gani in rana ta fito, amma da sassafe sai hazo.” Ya naɗe hannun rigarsa da kansa. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa fatar ta saɓule, ɗanya. “In ina bayansa ba na buƙatar ganin hanya, tayarsa kawai nake kallo. Yau ya kauce wa wani rami, ya yi hagu. Sai ya ɓace mini. Ban san inda yake ba sai da na ji ƙarfe.”

“Kawu,” in ji Mai Faci, “me ya sa ba ka tsaya ba? Hatsari ne. Wa zai ce da gangan ka yi?”

“Za a tambaye ni yadda aka yi ban gan shi ba. Daga nan sai likitan ido. Daga nan sai lasisi.” Ya shafa gemu. “Saura shekara ɗaya. Na ce bari in kai yara in dawo in faɗa. Da na sauke su na ji an kama Mai Tifa, na ce ai za su ga ba shi ba ne su sake shi. Haka na yi ta cewa har yanzu.”

“An fasa masa baki,” in ji mai shara.

“Na ji.”

“Ni ba faɗuwar ce ta hana ni barci ba,” in ji Mai Sawu. “Na ga yadda ka tura keke a kan katakon nan kana lalube da ƙafa. Rabin awa bayan haka ka zauna a sitiyari. Yara nawa?”

Kawu ya ce, “Arba'in da biyu.”

“Na zagaya motar ɗazu. Gefen hagunta duk ƙarce ne, an shafe da fenti.”

Wata mata a cikin taron ta dafe ƙirji. Ɗanta yana cikin arba'in da biyun. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya ɗauki dutse. Mutanen da suka fasa gilashin tifa da safe suna nan tsaye, kowa na kallon takalminsa.

Kawu ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin bas, ya miƙa wa Saje. Hannun ya wuce ta gefe kaɗan, Saje ya matso da tafinsa ya tara.

“A kai wa shugabar makaranta,” ya ce. “A ce mata birkin yana ɗan ja, kada sabon direba ya tsorata.”

Saje ya tafi da shi a ƙafa, ba ankwa. Da suka zo wucewa ta gaban matar Mai Tifa, Kawu ya tsaya kamar zai yi magana. Ta gyara goyonta ta wuce gabansu, ta nufi caji ofis don ta tarbi mijinta.

Mai Sawu ya duba rana. Saura awa ɗaya ya karɓi gadi, ga kilomita bakwai. Ya roƙi Mai Faci ya ƙara masa iska a tayar baya.

* * *

An saki Mai Tifa kafin magariba. Ba wanda ya biya shi gilashi, ba wanda ya je ba shi haƙuri sai Barkono, wanda ba ya cikin masu jifan ma.

Dogo ya farfaɗo a rana ta huɗu. Ƙashin ƙugunsa ya karye, likita ya ce zai yi tafiya, maganar keke kuma a bari tukuna. An ba da belin Kawu, makaranta ta sallame shi ba tare da komai ba. Ya zo gidan Mai Sawu da safe ya tsaya a ƙofa, ya ce yana son zuwa asibiti amma ba zai iya shiga shi kaɗai ba. Mai Sawu, wanda shigowarsa ke nan daga gadi, ya dubi katifarsa, ya mayar da takalminsa.

Matar Dogo tana bakin gado tana ba shi ruwa da cokali. Da ta ga Kawu ta ajiye kofin, ta fita ba ta gaishe shi ba.

Kawu ya tsaya a ƙarshen gado ya faɗi komai, bai rage ba, har da rigar ruwan da muryar da ya sauya. Dogo yana kallon silin. Kansa a naɗe yake, maganarsa tana fita da ƙyar.

“Na san da idon,” ya ce.

Kawu ya kama ƙarfen gado.

“Tun bara. Ka daina wuce ni ko a gangare. In na makara sai in same ka tsaye a ƙofar gida kana gyaran abin da bai lalace ba. Na ce in na yi magana na cire maka abinci a baki. Sai na riƙa rage gudu.” Ya numfasa. “Kullum in na bar ka a ƙofar makaranta, sai in yi ta addu'a har gidan ruwa. Ina ganin kamar na yi wani abu ke nan.”

“Na bar ka a kwalbati, Dogo.”

“Ka bar ni. Wannan sai na warke za mu yi ta, yanzu ba ni da ƙarfi.” Ya rufe ido, har suka zaci barci ya ɗauke shi. Sai ya ce, “Wa ya kai yaran yau?”

“Wani sabo ne. Matashi.”

“Yana gani?”

“Yana gani.”

“To,” in ji Dogo. “Ja kujera ka zauna. Ta wannan gefen, inda za ka gan ni.”